Gwangwanin Akawun Kuza da Bokitin Kanti: Yadda Muka Auna Tsofaffin Kwabbai da Kwandalolin Zamani a Jos

Wata Asabar cikin hunturun bara, lokacin da sanyin Jos ke hana mutum fitar da hannu daga aljihu, wani saurayi ya yi sallama a shagon Baba mai gyaran agogo da ke bayan Taminus. A hannun dama yana riƙe da tsohon gwangwanin shayi wanda fentinsa ya koɗe, a hagu kuma ƙaramin bokitin roba irin na fenti. A wannan shago muke zama, mu 'yan tsirarun da Allah ya ɗora wa son tara tsofaffin kuɗi. Ba ƙungiya ba ce. Benci ne guda, da butar shayi, da gilashin nan da Baba ke maƙalawa a ido in zai leƙa cikin agogo, wanda shi ne babban jarinmu. Ranar mu huɗu ne: Baba, da wani malamin kimiyya da ya yi ritaya wanda kowa ke ce wa Malam, da wani maƙerin azurfa, sai ni.

Kayan saurayin nan sun ci mana mako uku ana gardama, har da ɗan gwaji a tsakani.

Abin da aka kawo

Gwangwanin na kakansa ne. Marigayin ya yi aikin akawun biya a wani kamfanin haƙar kuza can wajen Bukuru, tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu har bayan an sami 'yancin kai. Ranar biyan leburori akan kawo kuɗi daga banki cikin ƙananan buhuna, wasu lokuta sababbi dal, ba hannun da ya taɓa su. Shi kuma yana da wata ɗabi'a: in ya ga sabuwar shekara ta fito a jikin kwabo, sai ya zaro tsoho daga aljihunsa ya mayar, ya ɗauki sabon. Kowane ɗaya ya naɗe shi a yankin takardar rajista, ya rubuta shekarar da fensir a bayan takardar, ya jera a gwangwani, ya cusa tsumman alawayyo a sama don kada su yi ta gogar juna. Gwangwanin ya kwanta a ƙasan adaka a Gangare, a ɗakin amaryarsa ta ƙarshe, wadda ita kaɗai ta rage cikin matansa.

Da muka warware, sittin da 'yan kai ne. Akwai anini, da ɗari (rabin kwabo), da kwabo, duk masu huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida a baya. Akwai sulalla rawaya masu hoton bishiyar kwakwar manja. Akwai jerin 1959 cif: ɗari, kwabo, taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, sisi mai hoton 'ya'yan koko, sule, da fataka (sule biyu) mai gyaɗa. Can ƙasa kuma, ba naɗi ba komai, wani farin sule da ya siɗe, da wata ƙatuwar azurfa mai hoton wata mata mai ƙiba.

Bokitin kuwa daga kantin mahaifiyarsa ya fito, a Unguwar Rogo. Duk kwandalar da aka ƙi karɓa a matsayin canji nan take jefa ta, shekara da shekaru. Yana ƙarƙashin kanta, kusa da buhun gishiri, daidai inda kwano ke yoyo da damina. A ciki akwai sulallan 1973, wato 'yan kwabo goma-goma, da kwandalolin 1991, da na 2007, sun cakuɗe da ƙusoshi da marafan kwalba da wani makulli da ba a san na ina ba ne.

Saurayin bai ɓoye abin da ya kawo shi ba. Ya ji ana cewa kwabo mai huji miliyoyi ake saye, yana kuma neman jarin buɗe shagon cajin waya. Bokitin ya haɗo ne kawai don ya ji ko 'yan gwangwan za su auna.

Hukuncin Baba

Baba ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan gilashin agogunansa. Ya ɗauko kwabon 1936 daga gwangwani, ya riƙe shi ta gefe da yatsu biyu kamar mai riƙe da ƙwai, ya ajiye. Ya sa hannu a bokiti ya zaro naira biyu ta 2007, ya ajiye kusa da shi.

Kwabon fari ne sol, yana wani irin sheƙi mai laushi da ke zagayawa in ka karkata shi a haske. Kowane lu'ulu'u na kambin da ke saman hujin ana iya ƙirga shi. Rubutun Larabcin da ke faɗin darajar kuɗin kamar yau aka zana. Naira biyun kuwa zoben gefenta ya yi baƙi-baƙi, ya kumbura wuri-wuri kamar fatar da ta ƙone, tsatsa ta yi mata zane har kan hoton ginin Majalisar Tarayya. Tsakaninsu shekara 71 ne, kuma ƙanwar ce ta fi kama da tsohuwa.

"To kun gani," in ji Baba. "Da tsohuwar zuma ake magani. Wancan ƙarfe ne, wannan gwangwani. Mutanen da sun san aiki."

Ni ma kai na gyaɗa, don gani ya kori ji. Malam ne kaɗai bai ce uffan ba sai da ya shanye shayinsa, sannan ya ce: "Baba, ka ɗauko amarya daga ɗaki, ka ɗauko mai tallar gawayi daga kasuwa, ka ce a zaɓi wadda ta fi haske. Ai ba a yi adalci ba."

Daga nan gardama ta tashi. Baba na cewa ƙarfe ne, Malam na cewa ajiya ce.

Sanin asali

Kafin in kai ga yadda aka warware, sai an san kuɗin kansu, don rabin rikicin daga rashin sanin abin da aka yi su da shi ne.

Kuɗin ƙarfe na Turawan mulki masu huji sun fara shigowa a 1907. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya, amma bai jure ba, nan da nan aka koma gamin jan ƙarfe da nikel. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta yi wa Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. Taro da sisi da sule da fataka na azurfa sun fito a 1913. Azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai a 1920 aka mayar da su rawayan ƙarfe. Daga 1952 anini da ɗari da kwabo suka koma tagulla, wato jan ƙarfe da aka sirka da ɗan kuza, abin da garin nan namu ya yi suna a kai. Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959 da nasa kuɗin, sannan ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Sunayen ba su mutu ba. Kwabo goma ya ci gaba da amsa sule, kwabo biyar sisi, kuma har gobe wanda aljihunsa ya bushe cewa yake ba shi da ko anini.

Duk waɗannan, daga 1908 har sulallan 1973, abu ɗaya ya haɗa su: ƙarfen da ke waje shi ne a ciki. Ka kankare su iya son ranka, abin da ka gani a sama shi za ka tarar a ƙasa.

A 1991 ne labari ya canza, shekarar da aka mayar da takardar kwabo hamsin da ta naira ɗaya kwandala. Tun daga 1986 naira ta fara zubewa, jan ƙarfe da nikel kuwa da dala ake sayensu, ga shi in ƙarfen da ke jikin kuɗi ya fi kuɗin daraja, maƙera narkewa za su yi. Sai aka koma baƙin ƙarfe ana yi masa riga siririya ta jan ƙarfe ko nikel. Haka aka yi wa na 28 ga Fabrairu 2007, zamanin da Charles Soludo ke gwamnan Babban Banki: kwabo hamsin mai masara, naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, da naira biyu mai farar tsakiya da jan zobe. Malam bai bar Baba ya huta ba a nan, ya tuna masa cewa Turawan da yake yabo su ma sun bi wannan hanya: Ingila ta mayar da ƙananan kwabbanta baƙin ƙarfe mai rigar jan ƙarfe a 1992, Amurka kuma tun 1982 ƙaramin kwabonta tutiya ce aka lulluɓe.

Baba ya ce bai yarda ba sai ya gani. Malam ya miƙa hannu ya ciro mayen ƙarfe daga bayan wata matacciyar lasifika da ke ƙarƙashin benci, ya zura a bokiti. Da ya ɗago, kwandalolin 1991 da 2007 sun manne masa cunkus tare da ƙusoshin. Sulallan 1973 suka yi zamansu a ƙasa. Ya kai shi kan kayan gwangwani, ko ɗaya bai motsa ba.

"Ka ga gaskiyata ke nan," in ji Baba.

"Rabinta," in ji Malam.

Cuta uku, ba ɗaya ba

Mun kwashe yammacin ranar muna rarraba kayan bokiti, kuma a nan ne na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina tara kuɗi. Muna cewa kwandala "ta lalace" kawai, alhali lalacewar iri-iri ce, kowace da sababinta.

Sulallan 1973 sun siɗe ne. Ganyen kwakwar da ke bayansu ya shafe, dawakan tambarin Najeriya sun zama kamar inuwa, amma jikinsu sumul, ba tsatsa ba rami. Wannan aikin hannu ne da aljihu da faranti. Kusan shekara ashirin suna yawo daga kwandastan bas zuwa mai ƙosai zuwa asusun yaro, a lokacin da sule ke iya ƙosar da mutum koko da ƙosai. Siɗewa daga wuraren da suka fi tudu take farawa, shi ya sa mai duba kuɗi yake fara kai ido kan kambi, ko gashi, ko kunci, ko fiffiken mikiya.

Na 2007 kuwa ba su siɗe ba sam. Da na sa gilashin Baba a ido na duba wata naira ɗaya da tsatsa ta ci gefenta, sai na ga gashin bakin Herbert Macaulay tsaf, layi-layi, kamar ranar da aka buga. Ina za ta siɗe alhali ba ta yi yawo ba? Ranar da aka fito da su ma da ƙyar naira biyu ke sayen alewa. Bankuna suna haɗa wa mutane da su in sun je cirar kuɗi, mutane su kai kasuwa a ƙi karɓa, su dawo gida su watsar. Abin da ya ci su danshi ne da gishiri. Rigar nikel tana da tauri, tana jure gogar hannu ƙwarai, amma da zarar ta sami ƙarzuwa ɗaya da ta kai ga baƙin ƙarfen ciki, ruwa ya sami ƙofa. Tsatsa ta riƙa ci ta ƙarƙashi tana ɗaga rigar, shi ne kumburin nan da muka gani.

Na uku rauni ne: wadda aka kwance noti da ita har bakinta ya lanƙwashe, wadda aka yi ta kankare katin waya da ita, wadda yara suka daka da dutse, wadda aka huda aka yi wa ƙusar kwano matashi da ita. Wannan ba laifin ƙarfe ba ne, ba kuma na shekaru ba. Raini ne. Kuɗin da ba ya sayen komai ba wanda ke tausaya masa.

Sai maƙerin azurfa, wanda tun ɗazu bai sa baki ba, ya ɗauko farin sulen nan na ƙasan gwangwani. Na zamanin Sarki Joji na Biyar ne, azurfa ce ta gaske. Kan sarkin ya zama kamar ƙwai, kambin ya tafi, shekarar ma lambobi biyun farko kaɗai ake karantawa. Ya ɗora a sikelinsa. Sabon sule na azurfa giram 5.66 ne, wannan da ƙyar ya wuce 5.3.

"Baba, wannan ma na mutanen da ne," ya ce a hankali. "Ya ma fi kwabon tsufa. Azurfa ta fi su duka laushi, ita ce ta fi saurin cinyewa a hannu. Ni na sani, kullum ita nake bugu."

Baba ya juya sulen ya sake juyawa, bai ce komai ba.

A ganina wannan sulen ne ya karya gardamar, ko da yake ba a amsa haka a ranar ba. Tsofaffin kuɗin da muke gani da kyau yau ba su ne wakilan zamaninsu ba. 'Yan gata ne da wani ya ɓoye. 'Yan'uwansu miliyoyi da suka yi aikin kasuwa sun siɗe, banki ya janye su ya narke, wasu maƙera sun mayar da su zobe da awarwaro, wasu ƙasa ta ci. In ka ɗauki wanda ya tsira don an killace shi, ka gwada da wanda aka jefar don an raina shi, ba ƙarfe ka auna ba, masu riƙon ka auna.

Mako na zagayowa Malam ya zo da wani ambulan. A ciki akwai kwabo hamsin, naira ɗaya da naira biyu da ya karɓa a banki a 2007, ya naɗe a takarda ya sa cikin wani littafi ya manta. Ya jera su kusa da kwabon 1936. Jan zoben naira biyun yana ƙyalli kamar garwashi, ba ɗigon tsatsa ko ɗaya. Saurayin ya ɗauka ya duba ya ce shi bai taɓa sanin kuɗin nan kyakkyawa ba ne.

Gwajin gishiri

Baba bai sallama ba. Ya ce to a haɗa su wahala iri ɗaya a gani. Muka zaɓi uku waɗanda dama duk sun riga sun ƙarzu, don dokar Babban Banki ta 2007 ta hana ɓata kuɗin ƙasa da gangan, kuma na 2007 har yanzu halattattun kuɗi ne ko da ba mai karɓa: kwabon tagulla na 1959 daga cikin nawa, sulen 1973, da naira biyu mai tsaga a zobe wadda tsatsa ba ta kai gare ta ba tukuna. Muka naɗe kowanne a tsumma jiƙe da ruwan gishiri, muka ƙulle a leda, Baba ya jefa a aljihun tebur.

Bayan mako biyu muka kwance. Tsumman naira biyun ya yi ja. Tsatsa ta bi tsagar ta bazu gefe da gefe, rigar ta fara ɗagowa, amma farar tsakiyar, wadda ƙarfe ne marar tsatsa, ko gezau. Kwabon tagulla ya fito da ɗige-ɗige kore masu gari, irin cutar da in ta kama tagulla sai ta yi ta ci ko bayan an shanya. Sulen 1973 dushewa kawai ya yi, Baba ya shafa da babban yatsa ya koma yadda yake.

Kowa ya ga abin da yake so ya gani. Baba ya ce ga shi nan, na zamani ya fi kowa shan kashi. Malam ya ce na 1959 ma bai tsira ba, kuma gwarzon gwajin na zamanin naira ne, ba na Turawa ba. Ni dai abin da na ɗauka shi ne Baba yana da gaskiya a abu ɗaya: a wuri mai laima da gishiri, kuɗin da ƙarfensa ɗaya ne ciki da waje ya fi mai riga juriya, musamman gamin jan ƙarfe da nikel. Amma wannan bai bayyana kyan kwabon 1936 ba. Kyansa daga takardar rajista ne, da tsumman alawayyo, da adakar da ba a buɗewa, da busasshiyar iskar Jos. Da a bokitin nan ya yi shekara goma sha bakwai tare da ƙusoshi, ba zai yi tsatsa ba, amma sheƙin da Baba ke taƙama da shi da tuni ya tafi.

Maganar kuɗi

Saura abin da ya kawo saurayin, kuma nan ne zancen ya yi nauyi.

Tun ranar farko na lura wasu goma sha ɗaya cikin kayan gwangwanin sun fi sauran walƙiya, irin walƙiyar cokali. Na yi shiru don ban so in kunyata shi gaban mutane, kuma kuskure ne, da na yi magana da wuri. Sai a mako na uku Baba ya sa gilashi ya duba ɗaya daga cikin sulallan rawaya, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Ɗana, me ka goga wa wannan?"

"Toka da lemon tsami ne, Baba. Na ga sun yi duhu, na ce in gyara kafin in kawo. Bayan na koma gida ma na ƙara wanke wasu huɗu."

Baba ya miƙa masa gilashin. A ƙarƙashinsa fuskar sulen duk ƙananan zane ne, sun tafi gefe guda kamar sawun tsintsiya a rairayi. Sheƙin asali na sabon kuɗi daga bugun injin yake samuwa, lokacin da ƙarfe ya malala cikin hatimi ya bar wasu siraran layuka da ido ba ya gani. Toka ta share su, kuma ba su dawowa. Duhun da ya gani ya tsorata, shi masu saye ke nema, don shi ne shaidar ba a taɓa kuɗin ba. Garin neman gira an rasa ido. Goma sha biyar suka faɗo daga sahun farko zuwa na tsakiya, huɗu a cikinsu saboda shirun da na yi.

Masu wannan harka a Amurka suna auna lafiyar kuɗi da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama na wanda bai taɓa shiga kasuwa ba ne. Mu a bencin Baba huɗu muka sani: dal, ya ɗan sha hannu, ya sha hannu, ya siɗe. Wanda aka wanke kuwa ko a can ko a nan ajinsa daban, kuma farashinsa ƙasa yake.

Amma lafiya ɗaya ce cikin abubuwa uku da ke sa kuɗi tsada. Sai ya yi ƙaranci, sai kuma akwai mai nemansa. Kwabon 1936 misali ne mai kyau. Sunan Sarki Edward na Takwas ne a jikinsa, wanda ya hau a Janairu ya sauka a Disamba na shekarar, kuma a Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba. Jin haka sai mutum ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Amma miliyoyi aka buga wa Afirka ta Yamma, kuma da labarin murabus ɗin ya bazu mutane da yawa suka ɓoye nasu, shi ya sa masu kyansa ba su da wuyar samu. Mun bi sauran ɗaya bayan ɗaya muna duba shekara da ƙaramin harafin da ke nuna inda aka buga, H ko KN, masana'antu biyu a Bamingam. Ba mu sami wanda ya fita daban ba.

Ƙatuwar azurfar ce ta fi ba shi fata, don 1780 ne a jikinta. Maƙeri ya yi murmushi. Dalar Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya da ta rasu a wannan shekara, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga 1780 ake sa mata, a Biyana da Landan da Roma da Bombay, har zuwa zamaninmu. Fatake sun ƙetaro Sahara da ita tun kafin zuwan Turawa, mata suka mayar da ita ado. Nauyinta giram 28 da ɗoriya, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Wannan tana da tabon dalma a ka inda aka taɓa liƙa mata kunne don rataya. Darajarta ta azurfarta ce, ba ta shekarar ba.

Batun miliyoyi kuwa, Malam ya gaya masa abin da muke gaya wa kowa: duk wanda ya ce zai haɗa ka da mai saye daga waje amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji, kuɗin gwajin yake nema. Baba ya faɗi abin da shi zai iya biya a kan gwangwanin duka. Ba zai sayi ko janareta ba, balle shago. Saurayin ya yi shiru yana kallon takardun kakansa da muka tara gefe guda.

Shawarar da muka ba shi ita ce kada ya rarraba. Ɗaya-ɗaya ba su da wani kuɗi, amma jeri ne na shekara ashirin da wani abu daga hannun mutum ɗaya, kowanne da rubutun fensir ɗinsa, daga filin kuza. Ko gidan tarihi na Jos, wanda ke nan tun 1952, ko gidan tarihin kuɗi na Babban Banki a Abuja, irin wannan ne abin da mai zuwa kallo zai tsaya a kai. Muka ce ya mayar da kowanne cikin takardarsa, ya riƙa kamawa ta gefe, kada ya sa su a leda mai laushi don tana fitar da wani koren maiƙo da ke cin ƙarfe, kuma ya yi nesa da toka.

Da ya koma Gangare ya ba kakarsa labari, tsohuwar ta ce ita dai a dawo mata da dalarta da farin sulenta, na mahaifiyarta ne, ba su taɓa zama na mijinta ba, ajiya kawai ta ba shi. Sauran kuma ta ce ba na sayarwa ba ne tana raye. Da ƙyar ya roƙe ta ta yarda a ba Baba kwabon 1936 guda, da yake biyu ne a gwangwanin. Sulallan 1973 ya tsince ya adana. Ragowar bokitin ya mayar ƙarƙashin kanta, sai dai ya matsar da buhun gishirin.

Kwabon yana nan a gilashin Baba, tsakanin agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba, kuma kusa da shi ya ajiye naira biyun nan mai tsatsa. Duk wanda ya kawo gyara sai ya nuna masa su, ya ce a dubi aikin mutanen da. In Malam ya zo ranar Asabar yakan zaro tasa mai ƙyalli daga ambulan ya ajiye a tsakaninsu. Da ya tashi tafiya Baba ke miƙa masa abarsa.